Me ya hana Ajantina ɗaukar Kofin Davis sai a 2016?

Tambaya: Malam, ni mai sha'awar wasan tenis ne, kuma na daɗe ina jin sunayen Vilas da Nalbandian da del Potro. Na yi mamaki da na ga cewa sau ɗaya tak tawagar maza ta Ajantina ta taɓa ɗaukar Kofin Davis, shi ma sai a 2016. Wani abokina ya ce rashin jituwar 'yan wasanta ne ya jawo haka. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, abokin naka bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɗauki ciwon shekara ɗaya ya shafa wa dukan tarihin. Sau huɗu Ajantina ta kai wasan ƙarshe ta dawo hannu rabbana, a 1981 da 2006 da 2008 da 2011. A cikin huɗun nan, 2008 ce kaɗai zan yarda cewa rigimar cikin gida ce ta kayar da su. Sauran ukun, abin da ya ci su lissafi ne, kuma sai ka san yadda ake buga gasar kafin lissafin ya fito maka.

A tsarin da aka yi amfani da shi har zuwa 2018, ƙasa biyu ke karawa cikin kwana uku. Ranar Juma'a wasa biyu na ɗaiɗai, Asabar wasan bibbiyu, Lahadi kuma a sake wasa biyu na ɗaiɗai, a musanya abokan karawa. Maki biyar ke nan, wanda ya riga samun uku ya wuce. Kowane wasa an raba shi zango-zango, abin da ake kira saiti, kuma sai mutum ya ci saiti uku cikin biyar. Mai masaukin baƙi shi ke zaɓar gari da irin filin da za a buga a kai, jar ƙasa ko ciyawa ko daɓe ko shimfiɗar cikin ɗaki. To komai gwanintar gwarzonka, maki biyu ne nasa shi kaɗai. Na ukun dole ya fito daga hannun wani, ko a wasan bibbiyu ko daga ɗan wasanka na biyu. Makin nan na uku shi ne ya wahalar da Ajantina shekara 35.

Tun farkon shekarun 1920 ƙasar take shiga gasar, amma ba wanda ya damu da ita sai da Guillermo Vilas ya bayyana. Kafin shi tenis wasan 'ya'yan masu hali ne a kulob-kulob na Buenos Aires, shi ya shigar da shi gidajen talakawa. A 1977 kaɗai ya ci kofi 16, ciki har da gasar Faransa da ta Amurka. A shekarar ne shi da Ricardo Cano suka fitar da Amurka a Buenos Aires, sannan Ostareliya ta zo har gida ta doke su 3-2 a wasan kusa da na ƙarshe. A 1980 abin ya maimaita kansa. José Luis Clerc ya riga ya taso, shi da Vilas kowa ya doke John McEnroe a kan jar ƙasa, sai ga Ivan Lendl da tawagar Cekoslobakiya sun tare musu hanya, a gida kuma.

Wasan ƙarshe na 1981 a Cincinnati aka yi shi, cikin Disamba, a fili mai sauri na cikin ɗaki, irin wanda McEnroe ke so. Vilas da Clerc dukansu suna cikin goma na farko a duniya, kuma sanannen abu ne cewa ba sa ga-maciji, ko magana ba ta cika haɗa su ba. Nan ne masu ra'ayin abokinka suke kafa hujja. Amma dubi abin da ya faru a fili. McEnroe ya lallasa Vilas a wasan farko, Clerc ya rama a kan Roscoe Tanner. Ranar Asabar mutum biyun nan da ba sa shiri suka tsaya gefe guda, suka fuskanci McEnroe da Peter Fleming, waɗanda a zamaninsu babu kamarsu a wasan bibbiyu, suka ja su har saiti na biyar, aka tashi 11-9. Da ƙiyayya ce ke buga ƙwallo da ba su kai nan ba. Washegari McEnroe ya doke Clerc, shi ma sai a saiti na biyar. Abin da ya kayar da Ajantina a Cincinnati shi ne ta haɗu da ɗan wasan da ya fi kowa a duniya, a filin da aka shimfiɗa dominsa, kuma shi kaɗai ya sa hannu a duk maki ukun da Amurka ta samu.

Bayan wannan wasan ƙarshe an shiga fari. An ɗan leƙa wasan kusa da na ƙarshe a 1983 da 1990, sannan a 1992 aka faɗo daga rukunin manya, aka yi kusan shekara goma ana fama da maƙwabta a shiyyar nahiyar Amurka.

Sai aka samu wani ayarin matasa da 'yan jaridar ƙasar suka laƙaba wa suna La Legión, wato runduna: David Nalbandian, Guillermo Coria, Gastón Gaudio, Guillermo Cañas, Juan Ignacio Chela, Agustín Calleri, José Acasuso, Mariano Puerta da sauransu. Ka duba gasar Faransa ta 2004 ka ga ƙarfinsu. Uku daga cikin huɗun ƙarshe 'yan Ajantina ne, wasan ƙarshe kuma tsakanin Gaudio da Coria aka yi shi. Nalbandian ya kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2002, ya kuma doke Roger Federer a wasan ƙarshe na gasar zakarun shekara a Shanghai a 2005. Duk wanda ya ga wannan jeri zai rantse cewa kofin ya kusa.

Matsalarsu kusan dukansu 'ya'yan jar ƙasa ne. A gida babu mai taɓa su, daga ƙarshen 1998 har zuwa wasan ƙarshe na 2008 ba a ci su ko sau ɗaya a ƙasarsu ba. Amma ƙuri'a ba kullum take ba ka gida ba, kuma duk ƙasar da ta karɓi baƙuncinsu ta san maganinsu: a shimfiɗa fili mai santsi da sauri, a rufe ɗaki. A irin wannan fili Nalbandian ne kaɗai ake iya dogara da shi ido rufe. Haka Rasha ta yi musu a Mosko a 2002, haka Sulobakiya ta yi musu a Bratislava a 2005, duka a wasan kusa da na ƙarshe. Ga kuma wani abin da ba a cika son ambata ba: Chela da Coria da Cañas da Puerta duk an taɓa dakatar da su a lokuta daban-daban kan gwajin ƙwayoyi. Coria kuma, wanda ya kai na uku a duniya, bayan 2005 sabis ɗinsa, wato bugun da ake fara wasa da shi, ya lalace, bai sake dawowa yadda yake ba. Rundunar tana da yawa a takarda, amma da wuya ka ga an tara manyanta lafiya lau a mako guda.

Wasan ƙarshe na 2006 a Mosko shi ne misalin da ya fi fito da lissafin nan fili. Nalbandian ya yi duk abin da ake nema a wurin gwarzo, ya doke Marat Safin ranar Juma'a, ya doke Nikolay Davydenko ranar Lahadi. Maki biyu ke nan. Chela ya faɗi a hannun Davydenko, wasan bibbiyu ya tafi ga Safin da Dmitry Tursunov ba tare da wata wahala ba, a wasa na biyar kuma kyaftin Alberto Mancini ya saka Acasuso, Safin ya doke shi a saiti huɗu. Diego Maradona na cikin 'yan kallo yana ta kaɗa riga, amma ihu ba ya zama maki. Babu wata rigima da za ka ɗora wa laifi a nan. Rasha tana da mutum uku da za su iya cin wasa a wannan fili, Ajantina tana da ɗaya.

Yanzu mu zo kan 2008, wadda har yau 'yan Ajantina ba sa son a tuna musu. A karon farko wasan ƙarshe ya zo gida. Juan Martín del Potro, yana ɗan shekara 20, ya ci kofi huɗu a jere a tsakiyar shekarar, shi ne kuma ya ci wasan da ya fitar da Rasha a zagayen kusa da na ƙarshe. Ga Nalbandian. Yanzu suna da manya biyu, kuma dukansu sun iya fili mai sauri. Abokiyar karawa Sifaniya ce, mai Rafael Nadal, sarkin jar ƙasa. Sai suka yanke shawarar barin jar ƙasar da ta shekara goma tana kare su, suka shimfiɗa daɓe a cikin ɗaki don su karya lagon Nadal. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Nadal ya ji ciwo a gwiwa bai zo ba, kyaftin ɗin Sifaniya Emilio Sánchez ya zo da Feliciano López da Fernando Verdasco, bahagwai biyu masu zafin sabis, waɗanda irin wannan fili ya fi musu daɗi fiye da jar ƙasa.

Tun kafin a buga ƙwallo ɗaya gida ya yamutse. An yi ta ja-in-ja kan garin da za a yi wasan. Nalbandian ya fito ƙarara yana son Córdoba, jiharsa, hukumar tenis ta duniya kuma ta zaɓi Mar del Plata. Del Potro ya samu gurbi a gasar zakarun shekara a Shanghai, ya tafi can mako guda kafin wasan, ya dawo a gajiye bayan doguwar tafiya, abin da bai yi wa Nalbandian daɗi ba. Jama'ar gari kuwa tun da suka ji Nadal ba ya zuwa suka fara murna, kamar kofin ya riga ya shiga akwati.

Nalbandian ya fara da doke David Ferrer cikin sauƙi. López ya doke del Potro a saiti huɗu, del Potro ya fita da ciwo a cinya. Ranar Asabar López da Verdasco suka ci Nalbandian da Calleri. Ranar Lahadi aka sake tura Acasuso, mutumin da aka ɗora wa kayan Mosko, ya je ya ceci ƙasa. Ya yi iya ƙoƙarinsa, har ya shiga gaba da saiti biyu da ɗaya, sannan ƙarfinsa ya ƙare, Verdasco ya cinye saiti na biyar 6-1. A ganina ba a yi wa Acasuso adalci ba a bakin mutane. Sau biyu ana miƙa masa wasan da kofi ke rataye a kai, alhali ba shi aka shirya wa wasan ba, kuma ba shi ya ɓata shirin ba. Wannan shekarar ce ta abokinka, a nan maganarsa ta zauna daram.

Ta 2011 ba ta buƙatar dogon bayani. A Seville aka yi, a kan jar ƙasa, Nadal kuma yana nan lafiyarsa ƙalau, mutumin da ba a taɓa cin sa a wasan ɗaiɗai na Kofin Davis a kan jar ƙasa ba. Maki biyu sun tafi tun kafin a fara. Hanya ɗaya ce ta rage, a ci Ferrer sau biyu a ci wasan bibbiyu. Nalbandian da Eduardo Schwank sun ci bibbiyun, amma Ferrer ya riga ya doke del Potro a saiti biyar ranar Juma'a, daga nan magana ta ƙare. Del Potro ya ƙwace saitin farko a hannun Nadal 6-1, abin da ba kowa ke iyawa ba, Nadal ya dawo ya gama da shi.

Shekarun da suka biyo baya sun fi muni ta fuskar zumunci. A 2012 Jamhuriyar Cek ta doke su a Buenos Aires bayan del Potro ya janye daga wasan Lahadi saboda ciwon wuyan hannu, wasu 'yan kallo suka yi masa ihu, dangantakarsa da kyaftin Martín Jaite da hukumar tenis ta ƙasar ta lalace, ya daina amsa kira. Nalbandian ya ajiye raket a 2013 da nasara 39 da faɗuwa 11 a gasar, bai taɓa ɗaga kofin ba, kamar yadda Vilas mai nasara 57 bai ɗaga ba. A 2014 da ƙyar suka tsira daga faɗuwa rukunin ƙasa, sai da suka doke Isra'ila 3-2.

Sai aka naɗa Daniel Orsanic kyaftin. Ba tauraro ba ne, a wasan bibbiyu ya yi zamaninsa, kuma aikin rainon matasa yake yi wa hukumar. Bai gaji gwarzo ko ɗaya ba, del Potro na fama da tiyata a wuyan hannun hagu. Mutanen da ya samu su ne Leonardo Mayer da Federico Delbonis da Guido Pella da Juan Mónaco da Carlos Berlocq, 'yan tsaka-tsaki, ban da Mónaco babu wanda ya taɓa shiga goma na farko. Karawarsa ta farko, da Brazil a Maris na 2015, ta nuna irin tawagar da yake ginawa. Mayer ya doke João Souza 15-13 a saiti na biyar bayan fiye da awa shida da minti arba'in, wasan ɗaiɗai mafi tsawo a tarihin gasar. Daga shekara ta gaba hukuma ta shigo da bugun raba gardama a saiti na biyar. A wannan shekarar sun kai kusa da na ƙarshe, Beljiyam ta fitar da su 3-2.

A 2016 ƙuri'a ba ta ba su gida ko sau ɗaya ba. Ƙasar da aka sani da cewa ba ta iya wasa sai a jar ƙasarta, duk karawa huɗun a Turai ta yi su, uku daga ciki a kan daɓe a cikin ɗaki. Ka bi sunayen waɗanda suka ci makin da ya rufe kowace karawa. A Gdańsk, da Polan, Mayer ne, del Potro ma ba ya cikin tawagar. A Pesaro, da Italiya, Delbonis ne ya doke Andreas Seppi da Fabio Fognini, del Potro wasan bibbiyu kawai ya buga tare da Pella. A Glasgow, da Birtaniya mai riƙe da kofi, del Potro ya doke Andy Murray a wasan da ya haura awa biyar, wata guda bayan Murray ya doke shi a wasan zinare na Olamfik a Rio. Amma wannan maki ɗaya ne. Pella ya kawo na biyu a kan Kyle Edmund, da aka zo 2-2 kuma del Potro ya gaji liƙis, Orsanic ya hutar da shi ya saka Mayer, wanda ciwo ya sa ya faɗo ƙasa da na ɗari a duniya, ya doke Dan Evans. Ka kwatanta wannan da halin da Acasuso ya samu kansa. Shi Mayer an daɗe ana ba shi manyan wasanni, don haka ranar da aka kira shi ba baƙo ba ne a wurin.

Del Potro kansa labari ne. A Fabrairun shekarar yana ƙasa da na 1,000 a jerin duniya, an yi masa tiyata sau uku a hannun hagu, bugunsa na baya mai hannu biyu ya raunana har ya koma yankan ƙwallo da hannu ɗaya yana jiran ta zo masa dama. Da wannan rabin makamin ya fitar da Novak Djokovic da Nadal a Rio.

A Zagreb, daga 25 zuwa 27 ga Nuwamba, Marin Čilić ya doke Delbonis a saiti biyar, del Potro ya doke Ivo Karlović, Čilić da Ivan Dodig suka ci wasan bibbiyu. Kuroshiya na gaba 2-1. Ranar Lahadi Čilić ya ci saiti biyun farko a kan del Potro, saura ɗaya kofi ya zauna a Zagreb, kowa ya ce ta leƙo ta koma karo na biyar. Del Potro ya ci ukun da suka rage, 7-5, 6-4, 6-3, cikin kusan awa biyar, a saitin ƙarshe ma ƙwallo ta karya masa ƙaramin yatsan hannun hagu bai tsaya ba. Wannan ne wasan da kowa ke tunawa, kuma ya cancanta. Amma lura, maki biyu ya kawo, daidai da abin da Nalbandian ya kawo a Mosko. Bambancin shi ne wasa na biyar. Delbonis, na 41 a duniya, ya fito ya fuskanci Karlović mai tsawon mita 2.11, ɗaya daga cikin masu mugun sabis a tarihin wasan, a gaban mutanensa, ya doke shi 6-3, 6-4, 6-2 ba tare da hannunsa ya yi rawa ba. Ajantina ta zama ƙasa ta farko daga Latin Amurka da ta ɗauki kofin. Maradona na nan a wannan karon ma. Abin ya zo ne a shekarar da Messi da abokansa suka sake faɗuwa a wasan ƙarshe na kofin nahiyarsu a hannun Chile, shi ya sa murnar ta wuce ta masu son tenis kawai.

Akwai masu cewa wasan bibbiyu ne sirrin Kofin Davis, kuma faɗuwar 1981 da 2006 da 2008 tana goya musu baya, don duk ukun an rasa makin Asabar. Amma tawagar 2016 ta faɗi wasan bibbiyu a karawa uku cikin huɗu, ta kuma ɗauki kofi. Abin da ta samu wanda na baya ba su samu ba shi ne ɗan wasa na biyu da na uku masu cin wasan ɗaiɗai a ƙasar wasu, a filin da ba nasu ba. Jituwa ta taimaka, ban musa ba. Ita ce ta sa del Potro ya dawo, ita ce ta sa kyaftin ya iya ajiye tauraronsa a wasan yanke hukunci ba tare da an yi tashin hankali ba. Sa'a ma ta taka rawarta, don ba su haɗu da McEnroe na 1981 ko Nadal na 2011 a filinsa ba.

Bayan Zagreb del Potro bai sake buga gasar ba. A 2017 Italiya ta fitar da su a zagayen farko a Buenos Aires, Kazakistan ta doke su a Astana, masu riƙe da kofi suka faɗo daga rukunin manya cikin wata goma. Sun dawo a shekara ta gaba, amma a lokacin gasar da muke magana a kai ta zo ƙarshe. A 2019 aka koma tara ƙasashen da suka kai matakin ƙarshe a gari ɗaya, karawa ta zama wasa uku a rana guda, biyu na ɗaiɗai da bibbiyu ɗaya, kowanne saiti biyu cikin uku. A sabon tsarin maki biyu ake nema, kuma gwarzo ɗaya zai iya sa hannu a duka biyun idan ya buga bibbiyu. Haka Nadal ya fitar da su a zagayen 'yan takwas a Madrid a 2019, haka Jannik Sinner na Italiya ya yi musu a Málaga a 2024.